Baturiyar Ɗangana

A Cadakori babu mai kiranta da sunanta. Gogo ce a bakin kowa: 'ya'yanta, jikokinta, mai kanti, har liman da ya kusa zama sa'anta. A da kuwa Baturiya ake ce mata, sunan da aka laƙaba mata tun tana cikin zanen goyo, don ta zo duniya fara tas, dangi suka yi ta zuwa kallo. Yanzu rana da hayaƙin murhu sun gama da farin nan. In ka ce wa wani matashin garin wannan tsohuwa mai sayar da batso, daddawar 'ya'yan yakuwa, ita ce Baturiya, dariya zai yi maka ya wuce. Mutum ɗaya ya rage da ke riƙe da sunan, Tahiru, ƙanen mijinta marigayi, shi ma ba ya fito da shi sai in yana neman tsokana.

Shi ne ya faɗo mata gida wata hantsi da salula a hannu, yana jan ƙafarsa mai ciwo, baki har kunne. Tana zaune a inuwar bishiyar bedi tana tsince 'ya'yan yakuwa a faifai.

"Matata, aje aikin ga ki ji labari. Ashe wata Banasara yayana yay yi ma waƙa, mu muna nan zaune ba mu sani ba."

"Kai dai tsuhwa bai ƙara maka komi ba sai wauta," in ji ta, ko kai ba ta ɗaga ba. "Mi kuma kak kwaso?"

Tahiru ya latsa wayar ya ɗora a kan tabarma. Hira ce aka yi a rediyo da wani makaɗin jita mai suna Mudassir, ɗan asalin Gidan Rumji da kiɗa ya kai shi har ƙasashen Nasara. Muryarsa a natse take, irin ta wanda ya sami tarbiyya. An tambaye shi inda ya samo kiɗansa, ya ce shi da duk sa'o'insa masu jita, daga Damagaram har Yamai, nono ɗaya suka sha, watau "Ko Kina Ciki", waƙar marigayi Ɗangana mai gurmi na Cadakori. Ya ce Nasara in sun ji ta sai su ce ai wannan buluz ne, irin kukan da tsofaffin baƙaƙen Amurka suke yi da jita, wanda jikokinsu suka jona wa lantarki duniya ta ɗauka. Har nan hannun Gogo bai bar aiki ba. Daɗi ta ji sosai, ko da yake ba Tahiru za ta nuna wa ba.

Sai mai tambaya ya ce, to wace ce baturiyar nan da ake kira a waƙar?

Mudassir ya numfasa. Ya ce abin da suka tashi suka taras ana faɗa shi ne, wata Banasara ce ta zo aikin dashen itatuwa a wajen Agiye, Ɗangana ya kamu da sonta, ita kuwa ta tattara ta koma ƙasarsu ba ko sallama. Shi ya sa yake tsaye a ƙofa yana kira, babu mai amsawa. Ya ce duk inda ya ba da labarin nan a Faransa sai ya ga mata suna share hawaye.

Hannun Gogo ya tsaya cak a cikin faifan.

"Kin ji ko?" in ji Tahiru, dariya na nema ta shaƙe shi. "Ashe jirgi kinka hau kinka bar muna yaya cikin kuka. Ni ko ga ki nan kullum kina cika muna gari da warin batso."

"Kashe abin ga," ta ce.

Yadda ta faɗa ne ya sa dariyar ta mutu masa a maƙogwaro. Ya kashe, ya ga zaman ba shi da daɗi, ya tashi ya ja ƙafarsa ya fita.

Ga yadda abin yake. Ɗangana, mijin Gogo, ba maroƙin gado ba ne, manomi ne kamar kowa. Sai dai in an kai amfanin gona rumbu, ƙafarsa ba ta zama. Ya saɓa gurminsa ya bi kasuwanni, Gangara, Gazawa, Agiye, yana yi wa 'yan kokawa da mahauta kiɗa, sai ya sha yawo ya ƙoshi ya waiwayo gida. In ya dawo kuwa ba ya shiga kai tsaye kamar mai hankali. Zai tsaya a bakin danga da jakarsa a kafaɗa, ya gyara tsirkiya, ya yi sallama da waƙa kamar baƙon da bai san gidan ba:

Salamu alaikum, masu gida,
Na sha hanya, ƙahwa ta mutu,
Baturiya, ko kina ciki?

Daga nan sai ya yi shiru, babban yatsansa kaɗai ke tafiya a kan tsirkiyar ƙasa. Wannan shirun nata ne. Tana bayan zana, amarya ce, kunya ba za ta bar ta ta fito ba, amma bakinta bai san kunya ba. A daidai wurin take jefo masa amshi, baƙar magana mai sa maƙwabta su riƙe ciki, sau da yawa da taɓarya a hannu, lugudenta na bin kiɗan. Shi kuma ya ɗora da nasa baitin:

To ni da wa nika magana?

Haka suke yi, baiti nasa, amshi nata, har ta ga dama ta ce ya shigo. Wasa ne na miji da mata, ba su taɓa ɗaukarsa waƙa ba.

A zamanin da gwamnati ke ji da ƙungiyoyin samariya aka yi gasar kiɗa a Maraɗi, aka ɗauki Ɗangana a mota aka tafi da shi. Mutanen rediyo suka sa shi a ɗaki suka ce ya yi abin da ya fi so, ya yi masu wannan. Ita tana gida tana jegon ɗansu na fari, Sale. Ko da ma ba jego, matar aure ta sa murya a rediyo a lokacin nan, ai ubanta da sanda zai taka har Maraɗi. Ɗangana ya rera baitocinsa, ya bar wuraren amshi a buɗe, don hannunsa bai san wata hanya ba. Mai ɗaukar sauti ya ce masa ya cike gibin mana, ya ce a'a, wurin yana da mai shi. Da ya dawo ya ba ta labari, ta ce Allah ya shirye shi, amma ranar tuwonsa ya sha man shanu.

Daga nan duk lokacin da aka sa waƙar a rediyo, ko tana daka ko tana wanki, sai ta amsa wa akwatin kamar yadda take amsa wa mai shi. Shi yana kwance a inuwa yana ƙyalƙyata dariya. Bayan da ciwon ƙirji ya kwantar da shi damina biyu a jere, ya tafi inda ba a dawowa, ba ta sake amsawa ba. In ta ji an sa ta a gidan maƙwabta sai ta tuna tana da aiki a bayan gida.

To amma wanda bai san dangar gidan nan ba, me zai ji a kaset? Zai ji namiji da murya mai kauri, wadda hanya ta dusashe, ya yi sallama ba a amsa ba. Ya kira mace da suna, shiru. Yatsa na ta tafiya a kan tsirkiya ɗaya kamar mutum na kai da kawowa a ƙofar gida. Sannan ya tambaya, to shi da wa yake magana? Wallahi ko dutse ne a ƙirjinka sai ya motsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar da aka ƙi buɗe masa, duk wanda ya dawo ci-rani ya taras da abin da bai zata ba, ya ji da shi ake. Ɗangana ya tafi yin wasa, ya dawo ya bar wa ƙasa abin kuka, bai ko sani ba.

Direbobin manyan motoci ne suka fara yawo da ita. Kaset ya haifi kaset, har muryar ta yi hazo, amma ba ta rasa ƙarfinta ba. Ta shiga tashoshi, ta shiga shagunan teloli, ta faɗa kunnen samarin da ke harhaɗa jita da gwangwanin mai da wayar birkin keke. Su ne suka kasa jure shirun. Wani a cikinsu, Allah kaɗai ya san ko wane ne, ya kai wurin gibin ya ji ba zai iya barinsa haka ba, ya ja tsirkiyar jitarsa sama har ta yi ƙara irin ta mai kuka. Na kusa da shi ya ji ya ɗauka. Da lantarki ya zo, kukan ya yi tsawo, ya yi kauri, aka haɗa masa ganguna da babbar jita mai gurnani. Mutanen arewa suka ja ta a hankali, 'yan Damagaram suka zabure ta ta zama ta rawar biki. Aka yi sababbin waƙoƙi da babu kalmar Ɗangana ko ɗaya a ciki, amma tsarin nasa ne: ka kira, ka yi shiru, ka bar jita ta amsa. Makaɗan har suna suka ba abin, suna ce masa barin ƙofa. Yaron da bai iya barin ƙofa ba, ko yatsunsa sun fi walƙiya sauri, ba a lissafa shi cikin makaɗa.

Sunan da ke cikin waƙar kuwa, mutanen birni suka ji "baturiya" suka ɗauka farar fata ake nufi. Labari ba ya son zama tsirara, sai aka nemo masa Banasarar Agiye aka yafa masa. Baiwar Allahn nan ta dasa itatuwanta ta tafi, ita da Ɗangana ko a hanya ba su taɓa gamuwa ba.

Gogo ta wuni ranar nan abinci bai wuce mata ba. Ba kishi ba ne, ina za ta yi kishi da matar da ko ganin mijinta ba ta taɓa yi ba? Abin da ya ci mata rai shi ne, ita da ba ta taɓa yin yaji ba, ita da ta yi ta juya shi a kan gado tana ba shi kunu da ludayi har ranar da aka rufe masa ido, yau ita ce duniya ke cewa ta gudu ta bar shi. In kuma ba ita ba ce, to an fitar da ita daga waƙar ke nan, an zaunar da baƙuwa a wurin da mai shi ya ce yana da mai shi. Ko ta ina ta juya abin, ciwo yake mata. Ta kuma san in ita da Tahiru suka kwanta dama, shi ke nan, Banasara ta gaje waƙar har abada.

Kashegari Tahiru ya dawo, wannan karon ba dariya.

"Yaron ga za shi yi wasa Gidan Rumji ran kasuwa, bayan la'asar, hilin gidan matasa," ya ce. "In tahi in gaya mashi gaskiya?"

"Kai? Wa za ya yarda da kai? Kai da ko gaisuwa kay yi sai an bincika."

"To ke za ki?"

"Ni batso gare ni na saidawa," in ji ta. "In ka ga dama ka riƙa man ƙwarya."

Abin da ta gaya wa ɗanta Sale ke nan, wanda yanzu shi ne ladanin unguwa, ba kuma zai so a ce an ga tsohuwarsa a wurin 'yan jita ba. A cikin motar kasuwa, a matse tsakanin buhun gero da wata mata mai kaji, ta yi ta saƙa yadda za ta yi. Ba za ta tsaya gaban maza ta ce ita ce wadda aka yi wa waƙar so ba, Allah ya kiyaye. Ita da ko sunan mutumin nan ba ta taɓa furtawa ba tun ranar da aka kai ta ɗakinsa. Za ta bari a watse, ta sa Tahiru ya kira mata yaron gefe, ta faɗa masa a hankali, ta kama hanyar gida.

Batso ya ƙare tun kafin azahar, don nata ba ya kwantai. Bayan la'asar suka bi ayarin mutane zuwa filin. An kafa dandamali da katako, an jera akwatunan sauti kusan tsayin mutum, injin wuta na ta ruri a bayan katanga. Gogo ta kife ƙwaryarta a gefen mata, can gaba inda 'yan mata suka matsa mata don girman tsufa, ta zauna a kan tabarmar wata. Da aka buga gangar farko sai da ta dafe ƙirji.

"Wanga kiɗi na ko injin niƙa?" ta ce wa Tahiru da ke tsugune a bayanta.

Amma kunnen da ya yi zama da makaɗi ba ya mantuwa. Kafin a gama waƙa ta biyu ta fara rarrabe abin da ke cikin hayaniyar. Can ƙasa, a hannun wani gajere mai babbar jita, ta ji tafiyar yatsan nan na mijinta. Shi ne, ba wani ba, har ɗan ɗingishin da yake yi kafin ya koma farko. Yaron da ke yinsa ba a haife shi ba lokacin da aka binne mai yatsan. Ta dubi Mudassir, dogo siriri, furfura ta fara tsiro masa a gemu, yana kiɗa ido a rufe, ba ya tsalle-tsalle, ba ya yi wa 'yan mata fari da ido. In ya kira ya saki, sai jitar ta karɓa, ta hau, ta lanƙwashe, ta sauko tana rawar murya. Gogo ta zo da fushinta a ƙulle a bakin zane, sai ga shi tana gyaɗa kai. Yaran nan sun iya. Ba wasa suka yi da kayan mutumin ba, sun riƙe shi da hannu biyu.

Da rana ta yi sanyi Mudassir ya ɗaga hannu, ganguna suka lafa. Ya ce yanzu za su yi uwar waƙoƙin, a ƙasar da aka haife ta. Ya sake ba da labarin Banasarar Agiye, mutane na ta cewa Allah sarki. Gogo ta dantse leɓe, ta ji Tahiru na taɓa mata kafaɗa, ta ture hannunsa.

Sai ya fara. Babu ganga, babu komai, yatsa kawai a kan tsirkiyar ƙasa.

Salamu alaikum, masu gida,
Na sha hanya, ƙahwa ta mutu,
Baturiya, ko kina ciki?

Jitar ta shiga gibin. Gogo ta zaci nan ne za ta ji haushi, a wurinta aka sa ƙarfe yana ihu. Ba haka ta ji ba. Abin da ke kwance a ƙirjinta tun ranar da maza suka dawo daga maƙabarta suna karkaɗe hannu, wanda ba ta taɓa samun bakin faɗarsa ba, shi ne yaron nan ke fitarwa da yatsu a gaban kowa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Suka zagayo, ganguna suka shiga suka fita, filin ya ɗauki zafi. Sannan Mudassir ya yi abin da ya saba yi don girmama tsohon kaset: ya maimaita baitin farko, ya kira sunan, ya ɗauke hannunsa daga jitar gaba ɗaya. Ya bar ƙofar a buɗe yadda mai ita ya bar ta. Filin nan kaf ya yi tsit, sai tafiyar yatsan gajeren nan kaɗai.

An yi sallama, an kira ta da sunanta, an kuma tsaya ana jira. Duk shirin da ta yi a mota bai zo mata a rai ba. Bakinta ne ya buɗe da kansa, murya ta fito a tsattsage amma daidai kan kiɗa, ko ƙiris ba ta kauce ba:

Ba kowa ciki, baƙo, wuce gaba!

Mudassir ya riga ya ɗauko numfashin baiti na gaba, bai iya tsayar da shi ba:

To ni da wa nika magana?

Filin ya fashe da dariya. Mata na tafawa, maza na dukan cinya, wani tsoho har hularsa ta faɗi. Baitin da ya sa mutane kuka shekara da shekaru, ashe amsar mai gida ce da matarsa ta ce masa ba kowa a gidan. Mudassir bai yi dariya ba. Ya buɗe ido yana neman inda muryar ta fito. Kunnen makaɗi ne da shi, ya san wannan ba shaƙiyancin 'yan kallo ba ne, abin ya zauna a gurbinsa kamar murfi a bakin tukunyarsa. Ya yi wa gajeren alama kada ya tsaya, ya matso bakin dandamali, ya fuskanci gefen mata, ya jefa baiti na gaba a hankali:

Ga turmin zane na riƙo,
Ga goro hwari na Gazawa,
Baturiya, ko kina ciki?

Tun da an riga an ji ta, me ya rage? Gogo ta saki mayafin.

Turo kayan, kai tsaya waje!

Ashe haka duniya take,

in ji Mudassir, baitin da matasa ke rubutawa a bayan motoci don tsananin baƙin ciki, wannan karon shi ma dariya ta ci ƙarfinsa a tsakiyarsa. Filin ya rikice. Tahiru ya miƙe a kan ƙafarsa mai ciwo yana ihu yana cewa haka ake yi, wallahi haka ake yi. Ita kuwa Gogo hawaye ne ke bin kumatunta. Da can in ta ce ba kowa ciki, ƙarya take yi, tana ciki, mutumin kuma na tsaye a bakin danga yana jin ƙamshin miyarta. Yau ta faɗa, babu kowa a bakin dangar.

Da aka tashi, Mudassir bai tsaya gaisawa da manyan gari da ke jiransa ba. Ya sauko da jitar a rataye, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a gabanta, mutane suka yi masu zobe.

"Gogo, don Allah, ina kinka samu amshin ga? Ni tun ina yaro nike cikin waƙar ga, ban taɓa jin shi ba."

Tahiru ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Kai kak kira ni, ɗana. In an yi sallama ai sai a amsa."

Ya dube ta, ya dubi baƙaƙen hannayenta masu tsagar aiki. Ta gane abin da yake dubawa.

"Hwara nike da," ta ce. "Rana ta canye. Baturiya sunana na, tun ina goye. Mai waƙar ga, ni am mai ɗakinshi."

Mudassir ya dafe kai da hannu biyu, ya yi salati. Ba kunya ce ta fi yawa a fuskarsa ba, murna ce, irin ta wanda ya daɗe yana zaune a gida sai yau aka nuna masa akwai wani ɗaki a ciki. Ya nemi gafara a kan labarin da ya yi ta yaɗawa, ta ce ba shi ya ƙirƙira ba, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Sai ya shiga zuba kamar ruwa. Zai zo Cadakori da na'ura ya ɗauki amshin duka daga bakinta. Zai cire jitar daga gibin, shi da duk wanda ke jin maganarsa, a mayar mata da wurinta. Daga yau ba za a sake kuka a waƙar nan ba.

Gogo ta bar shi ya gama. Ta share fuska da gefen mayafi, ta miƙa hannu ta taɓa jitar da ɗan yatsa, a hankali, kamar mai taɓa jaririn wani.

"A'a. Bar ta inda take," ta ce. "Amshina na macen da mijinta ke tsaye bakin danga na. Na yi shi yau, ya isa. Abin da wagga aba tah hwaɗi ɗazu, shi na nawa yanzu, kuma ni ban iya hwaɗinai kamar yadda tay yi ba. Kun riƙe mashi waƙa da kyau, Allah shi yi maku albarka."

"To mi za ni yi maki, Gogo? Ki hwaɗi ko mi na na."

Ta dafa kafaɗar Tahiru ta miƙe, ta ɗauki ƙwaryarta, don motar Cadakori ba ta jiran kowa.

"Abu guda. In ka koma wurin Nasaran ga masu kuka, ka ce masu matar ba ta tahi ko'ina ba. Shi na yat tahi."